Bugu na Biyu a Gaban Mota

Litinin

Zuwa ga Sufeto,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya gajiyar zaman asibiti, ya kuma ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Ya jikin Auta? Ki ce mata babanta na yi mata barka da arziki, ya kuma ce ta ci abinci ko ba ta jin yunwa. Sai kuma sabon angon naki. An ce ko kilo biyu bai cika ba, amma har ya raba ni da matar da na yi shekara talatin da ɗaya ina lallaɓawa. Ki gaya masa in an fito da shi daga kwalbar nan ta asibiti za mu zauna mu yi magana ta maza.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda. A waya kullum sai kin ce ba kya jina, in ɗaga murya, ni kuwa a ganina ihu ma nake yi. Na gaji da ɗora wa layi laifi. Kyaftin, tsohuwar ɗalibar nan tawa da ke jan babbar bas ta hanyarku, ta ce duk Litinin da Alhamis za ta riƙa miƙa miki saƙona a ƙofar asibiti, ta karɓo naki. In rubutun ya yi miki ƙanana ki sa tabarau, tsimin takarda nake yi.

Gida lafiya. Ina ba shukokinki ruwa, ban da ta cikin jan bokiti da kika ce kada a dame ta. Na wanke kwanuka sau biyu, na fasa kofi ɗaya, ba wanda kike so ba. Ƙofar gareji ta ɗan karci gefen mota shekaranjiya. Ina zargin ƙofar ce ta matso, don ni dai shekara ashirin ina shiga ta nan da ribas ban taɓa gogarta ba. Kada ki buɗe bincike a kan wannan, Sufeto, fenti ne kawai.

Aiki na tafiya, ɗalibai huɗu gare ni yanzu. Jiya na yi wa malamar makarantar nan mai tsoron shataletale gwajin birki. Kin san yadda nake yi: in ajiye kwali a filin koyo in ce wannan yaro ne, in bar ɗalibi ya ɗauki gudu, sai ni da ke zaune a gefensa in buga littafina a gaban mota, shi kuma ya tsaya kafin ya taɓa kwalin. Ta tsaya tsaf. Na ce mata an gama, na rufe littafi, na sa ta mayar da ni ofis, muna tafe ina tambayarta lafiyar 'ya'yanta. Sai da na ga kafaɗunta sun sauka tana dariya, sannan na sake bugawa. Baiwar Allah ta taka totur maimakon birki. Da ba don birki na biyu da ke gefena ba, da mun kai wa mai gyaran taya ziyara har cikin shago. Ta yi fushi, ta ce ai na ce an gama. Na ce mata abin da nake gaya wa kowa, cewa bugun farko wasa ne, don kowa na iya tsayawa in yana jiran a ce ya tsaya, yaro kuwa ba ya tsallaka titi a lokacin jarrabawa. Ki tuna wa Auta ita ma a bugu na biyu ta faɗi, ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba.

Batun dawowarku. Kin ce likitan yara ya ce sai nan da mako uku za a sallame shi, kuma kada a sa shi cikin bas mai cike da masu tari da atishawa. Tunda aiki ya riƙe mijin Auta a nesa har wata uku, gida za ku taho gaba ɗaya, kuma ni zan zo in ɗauke ku. Kada ki nemi motar kowa. Ni na ɗauko uwarsa daga asibiti ranar da aka haife ta, ina tafiya kamar mai ɗauke da kwano cike da mai, har masu keke na wuce ni. Shi ma ni zan ɗauko. Awa huɗu ce kawai.

Ki gaida Auta da kyau. Gidan ya yi mini faɗi.

Mijinki,
Baba Birki


Alhamis

Sufeto,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da Auta, da ɗan mutumin cikin kwalba. Na ji daɗi da Kyaftin ta ce ya fara shan nono da kansa. Allah ya ƙara masa ƙarfi, ya ba uwarsa lafiyar shayarwa.

Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta a gaban Auta.

Na yi miki ƙarya a takardar Litinin. Ba birkina ne ya tsayar da mu ba. Da malamar ta taka totur, idona ya gani, kaina ya ce a taka, ƙafata kuwa ta tsaya inda take kamar an manna ta da ƙasa. Motar ta hau dakalin gefen titi, ita malamar ce ta lalubo birki da kanta. Ƙafata ta iso bayan mun riga mun tsaya. Baiwar Allah ta juyo tana haki tana yi mini godiya, wai na cece mu, ni kuma na karɓi godiyar, har da yi mata faɗa. Tun da nake ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Wata bakwai ke nan, ranar da na ce miki zan je sabunta takardun mota, wajen likitan jijiyoyi na je. Ya sa na haɗa yatsu in buɗe, in haɗa in buɗe, ya sa na yi tafiya a barandar asibiti yana kallona ta baya. Ya ce hannuna na dama ba ya lilo in ina tafiya. Ya kira sunan ciwon, Fakinson, ya rubuta mini a takarda, na yaga ta kafin in kai bakin titi. Daga ƙwaƙwalwa yake. Shi ke sa rawar hannu, da shaƙewar murya, da ƙanƙancewar rubutu, da wannan daskarewar da gaɓa ke yi ana tsakiyar aiki. Ba ya warkewa, ba ya kuma tsayawa wuri ɗaya. Magani na sassauta shi na 'yan awoyi, sai ya sake, sai a ƙara sha. Ƙwayoyin na cikin akwatin gaban mota, a ƙarƙashin littafin dokokin hanya, inda na san ba kya dubawa.

Na tambaye shi batun tuƙi kafin in tambaye shi batun rai. Bai hana ni kai tsaye ba. Ya ce da yawa suna tuƙi shekaru da wannan ciwo, amma da sharuɗɗa: da rana kawai, a hanyar da na sani, gajeriyar tafiya, bayan magani ya kama jiki, kuma in na ji gyangyaɗi in tsaya, don maganin kansa na kawo barci. Duk na kiyaye waɗannan, wallahi. Shi ya sa kika ga na daina karɓar ɗaliban yamma na ce miki tsufa ne. Sai sharaɗi biyu na ƙarshe, in sanar da ofishin lasisi, kuma in je a gwada ni duk bayan wata shida. Waɗannan ne na kasa. Rabin masu gwajin can ni na koya musu riƙe sitiyari. Na je har bakin ƙofar sau biyu, ɗaya daga cikinsu ya hango ni ya taso da gudu yana Baba Birki, Baba Birki, sai na ce wucewa nake yi na tsaya gaisuwa.

Na riƙa gaya wa kaina ai ba ni ke tuƙi ba, zama nake a gefe. Ranar Lahadi na gane ƙaryar da nake yi wa kaina. Wanda ke kujerar malami shi ne ma ba a yarda ƙafarsa ta makara ba, don saboda ita iyaye ke ba ni 'ya'yansu.

Amma ki saurare ni, don na yi lissafin tafiyar nan. Ina shan magani ƙarfe bakwai, da sha ɗaya, da uku. Daga takwas zuwa sha ɗaya jikina nawa ne, garau nake kamar da. In na zo na kwana a wurinku, mu tashi ƙarfe takwas, mu tsaya gidan mai na rabin hanya kafin sha ɗaya, in sha magani, mu huta awa guda, mu ƙarasa. Ba gudu, ba wuce tirela. Zai yiwu, Sufeto. Ki ce mini zai yiwu. Na yi wa yarinyar nan alkawari tun cikinta na wata biyar, kuma ban san sau nawa ya rage mini in iya cika alkawari irin wannan ba.

Ki yafe mini ɓoye miki da na yi. Ba raini ba ne, tsoro ne, har yanzu kuma ina cikinsa.

Mijinki,
Baba Birki


Alhamis ta sama

Sufeto,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya ku uku. Ya ƙafa, ya haƙuri da ni? Takardarki ta iso ranar Litinin, na kasa ba da amsa a ranar.

Ashe kin sani. Ashe ba don tsadar ganyen shayi kika koma zuba mini rabin kofi ba. Ashe rigunan nan uku marasa maɓalli da kika ce rangwame aka yi, da gangan kika sa tela ta ɗinka. Kin ce tun wata biyar kika ga ƙwayoyin ranar da kike neman lema a mota, kika kwafi sunan kika kai wa mai kemis, kika dawo gida kika dafa abinci, kina jira in faɗa da bakina. Ni ina ta taƙama na ɓoye wa Sufeto abu. Na karanta wurin sau uku, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada maƙwabta su ji ni.

Amma inda kika ce in haƙura, in shigo bas, mu ɗauki shatar mota da direbanta, nan na kasa haɗiyewa. Kin san su waye direbobin shata? Ni na san su. Na kayar da wasunsu sau uku, suka bi ta bayan gida suka samo lasisi. Ina ganinsu a titi, waya a kunne, hannu ɗaya a waje, suna wuce tirela a kan kwana. In ba wa irin waɗannan jikana mai kilo biyu, ni ina zaune a gefe ina kallo? Ni da ciwona na fi su. Ko kuwa ban fi su ba? Wannan tambayar ce ta hana ni sakat.

Ga abin da na yi. Na sallami ɗalibaina huɗu, na ce musu mota na gareji, na tura malamar wajen wani abokin sana'a. Ba zan sake zama gefen kowa ba sai na san gaskiyar ƙafata. Tun ranar Asabar, kafin ma takardarki ta iso, kullum da safe ina zuwa filin koyo ni kaɗai. In ja layi da alli, in ajiye kwali, in koma ƙarshen fili, in ɗauki gudu, in buga gaban mota da hannuna, in taka birki. In fito in auna da taku. Kwana biyar, sau arba'in da biyu, na rubuta kowanne a littafi. Ban taɓa kwalin ba ko sau ɗaya. Taku biyu, taku uku nake bari. Ranar Talata har rawa na kusa yi a filin.

Jiya ina auna na arba'in da biyu sai na gane wani abu. Ni ne ke bugawa. Kafin hannuna ya sauka ƙafata ta riga ta san labari, har ta fara ɗagowa. Duk wahalar kwana biyar ɗin nan bugun farko ne kawai, wanda ni da bakina nake ce wa ɗalibai wasa ne. Na gwada dabara. Na saita ƙararrawar waya na jefa ta kujerar baya, sai na tarar ina jiranta. Na kunna rediyo na ce duk sanda mai labarai ya ambaci gwamnati in taka birki, nan ma kunnena na kansa, ƙafata na shawagi a kan birki. Mutum ba ya iya shammatar kansa, Sufeto. Na zauna a kan kwalin ina kallon motar har rana ta dake ni.

Hannun wani nake bukata. Abokan sana'a ba zan iya ba, kafin azahar labari ya kai ofishin lasisi. Ke kina nesa, kuma na san ki, tausayi zai sa ki yi tari kafin ki buga. Kyaftin kaɗai ta rage. Ita ce ta zo mini shekara goma sha takwas da suka wuce, sai an sa mata filo take kaiwa ga birki, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, kowa na cewa mace ba za ta iya babbar mota ba. Yau mutum hamsin take ɗauka, ba ta taɓa kashe ko akuya ba. Ɗazu da ta zo karɓar wannan takarda na gaya mata komai, har lokutan shan magani, na sa ta jira in ƙarasa rubutu. Ba ta ce Allah sarki ba, na gode mata da hakan. Ta ce Litinin da safe tana da lokaci kafin motarta ta tashi.

Na roƙe ki da girman Allah ki bar ni in gwada. In na ci, ki yarda in zo. In na faɗi, na yi miki alkawari ba za ki sake jin gardama daga bakina ba. Kada ki gaya wa Auta tukuna, nononta zai iya ɗaukewa. Ki sa ni a addu'a, ki kuma shafa mini kan angon naki.

Mijinki,
Baba Birki


Litinin, ƙarfe goma da kwata

Sufeto,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina tambayar lafiyarku, amma yau a gurguje, don hannuna ma ya ƙagu.

Na ci! Ina rubuto miki daga shagon shayin bakin fili, Kyaftin na zaune gabana tana jiran takardar. Ita ta zauna a kujerata, ni a kujerar ɗalibi, ta riƙe littafina. Sau biyar ta buga, kowanne a wurin da ban zata ba, ɗaya ma muna tsakiyar kwana. Sau biyar na tsaya cak, mafi muni taku ɗaya da rabi kafin kwali. Ta sa ni ribas tsakanin duwatsu, ta sa ni tashi a kan tudu, ta fitar da ni shataletale sau biyu. Ta rufe littafi ta ce an gama, ta ce ko ita ba za ta fi haka ba.

Ki shirya kaya. Juma'a zan taso, Asabar ƙarfe takwas mu kamo hanya. Na sayi kujerar jarirai, mai shagon ya nuna mini yadda ake ɗaure ta. Ki ce wa angonki direbansa na nan tafe, kuma ba ya karɓar ƙorafi daga fasinja. Bari in kai Kyaftin tasha.

Mijinki mai farin ciki,
Baba Birki


Litinin ɗin dai, a bencin tasha

Matata,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kuna lafiya. Takardu biyu za ki gani a hannun Kyaftin. Ta tambaye ni ko ta yaga ta farkon, na ce a'a, ki karanta ta, ki ga yadda mijinki yake awa biyu da suka wuce. Amma da wannan za ki yi aiki.

Da na gama rubuta waccan na sa a ambulan na miƙa mata. Ta ƙara kofin shayi, ta tsaya gaisawa da mai shagon, ban kawo komai a raina ba. Muka shiga mota, ni a sitiyari, ita a gefe, littafina na kujerar baya inda ta jefa shi. Ta ce in bi ta titin bayan tasha, ya fi sauƙin shiga. Kin san shi, dogon nan mai rumbunan ajiye kaya, wanda ba kowa a cikinsa da hantsi. Ta tambaye ni wa jaririn ya yi kama, na ce ai ban gan shi ba, amma kin ce kunnuwana ya kwaso, Allah ya ba shi haƙuri. Tana dariya, ina dariya. Ina cikin ba ta labarin ranar da na ɗauko Auta masu keke na wuce ni, sai ta buga ambulan ɗin a gaban mota.

Na ji bugun. Na san ko mene ne tun kafin ƙarar ta mutu, ai ni na ƙirƙiro shi. Na ce wa ƙafata tashi. Sufeto, ina kallonta. Tana kan totur cikin baƙin takalmin nan da kika saya mini, kamar ƙafar wani ce aka ajiye a motata. Ƙofar rumbu ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Kyaftin ba ta taɓa nata birkin ba, tana ba ni lokaci. A ta uku ta taka. Motar ta tsaya ta mutu, sai a lokacin ƙafata ta ɗago a hankali ta je ta sauka a kan birkin da aka riga aka taka.

Na duba agogo. Sha ɗaya saura minti ashirin da biyar. A lissafin da na aiko miki, wannan lokacin yana cikin awoyin da na ce jikina nawa ne. Ranar Asabar a daidai wannan lokacin muna kan babbar hanya, saura kaɗan mu kai gidan mai, ke da Auta da shi a bayana.

Ba zan ɓoye miki abin da na yi ba. Na roƙe ta. Na ce ba a shirye nake ba, na ce ai ta ce an gama. Na ce shayin ne, na ce takalmin ne ya maƙale. Na ce ta ba ni dama ɗaya tak, gobe, ko yanzu bayan na sha magani. Duk maganganun da ɗalibai suka yi shekara talatin suna yi mini ina girgiza kai, yau sun fito daga bakina ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ban taɓa zaton zan faɗa ba, na ce ta rufa mini asiri kada ta gaya miki. Hawaye na zuba a fuskarta, ta miƙa hannu baya ta ɗauko littafin, ta buɗe shafin yau inda ta yi mini alamar ci biyar, ta ɗora mini a cinya da biro. Ta ce ita ba malama ba ce, ba ta taɓa kayar da kowa ba, mai littafi shi ke rubuta sakamako.

Na daɗe ina kallon shafin. Na fito na taka daga inda ta buga zuwa inda muka tsaya, don ban taɓa rubuta sakamako ban auna ba. Taku talatin da ɗaya. Na dawo na rubuta abin da zan rubuta wa kowa. Rubutun ya yi ƙanƙanta har da kyar ake ganinsa, amma ta gani.

Makullin na hannunta. Ta ajiye motar a harabar tasha, ni zan hau ƙaramar bas in koma gida, sai na tambayi wani lambar bas ɗin da ke bi ta unguwarmu, don ban sani ba. Gobe zan je ofishin lasisi, wannan karon zan wuce bakin ƙofa in shiga ciki. Jibi in koma wajen likita. Abin da zan yi da sauran kwanakina ban sani ba, kuma kada ki tambaye ni yanzu. Ina jin haushin Kyaftin kamar in mutu, kuma ban taɓa alfahari da ɗalibi kamar yadda nake yi da ita yau ba.

Ga yadda za a yi. Kyaftin ta nemi hutun Asabar, ita za ta ja motarmu. Mu taso da sassafe, mu iso kafin azahar, mu juyo da ku. Ke za ki zauna gaba saboda ƙafarki, sai dai ki janye ta daga birkin gefen, ba a son mai taimako a wurin. Na so in ce ni zan zauna nan ko don in riƙa duba mata hanya, sai na tuna kujerar ba ta mai kallo ba ce. Baya zan zauna, ni da Auta, shi a tsakiyarmu cikin kujerarsa. A nan zan gaya wa Auta da bakina, awa huɗu ta isa. Ina jin za ta tambaye ni a bugu na nawa na faɗi.

Abu ɗaya nake roƙo. In mun tsaya a gidan mai, bayan na sha magani, ki ciro shi ki ɗora mini shi a hannu ina zaune, ki tsaya kusa. In hannun ya fara rawa kada ki yi saurin karɓe shi, an ce jarirai na son jijjiga.

Ana kiran fasinjoji, Kyaftin ta tayar da mota. Shekara talatin rabona da zama a bayan mota, ban ma san ko bel ɗin bayan namu na aiki ba. Zan sa a duba kafin Asabar.

Ki gaida Auta. Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
kakan yaro